Yadda Ake Haɗa Kayan Tafiya Ƙasar Ƙanƙara Daga Gusau

Matafiyin da ya saba da Makka, Dubai ko Kwatano yana iya ɗaure kayansa a daren tashi. Amma ranar da aka ce Mosko za shi, a watan Janairu kuwa, sai ɗoki ya haɗu da fargaba. Jaurar da ke hana mu fita da asuba a Gusau ba ta kusantar sifiri a ma'aunin zafi. A can kuwa yakan sauka ƙasa da sifiri da digiri 10, wani lokaci har 20.

Fasfo, biza da katin rigakafin shawara, kowa ya san hanyarsu. Aikin yana wajen tufafi.

Ka'ida ta farko, hawa uku ake sawa. Na jikin fata ya zama ulu ko yadin roba mai kama jiki. Mu mutanen auduga ne, har masaƙa Gusau ta yi, amma a ƙanƙara auduga ba ta da amana: tana shan gumi ta riƙe, da ka fito waje sai ta daskarar da kai. Hawa na biyu suwaita. Na uku babbar riga mai tare iska.

Wannan ta ukun ce ke raba gwani da ɗan koyo. Ka je wajen 'yan gwanjo a Tsohuwar Kasuwa, ko Ƙofar Wambai in ka shiga Kano, ranar da ake fasa dila, don ka sami zaɓen farko. In da hali ka saya da bazara, lokacin da 'yan acaba suka daina wawar irin waɗannan riguna, farashi ya faɗi. Kada nauyi ya ruɗe ka. Mai cikon gashin agwagwa ba ta da nauyi, kuma ta fi kowace riƙe ɗumi. Ka dunƙule ta a hannu ka saki. In ta kumburo nan take, da ranta. In ta kwanta kamar tsohon matashi, ajiye musu abarsu. Sai ka ɗaga ta saitin rana: duk inda haske ya ratsa, cikon ya zame, kuma ta nan sanyi zai same ka. Ka shinshina, ko ta yi rima. Ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ko da yake shi tela na iya canzawa. Daga ƙarshe ka gwada ta a kan suwaita biyu, ta rufe ƙugu, hannu ya miƙe ba takura. Tsofaffin 'yan gwanjon nan abin a jinjina musu ne. Ba su taɓa taka dusar ƙanƙara ba, amma da taɓawa ɗaya za su gaya maka wadda za ta yi.

Takalmi ya zama sau-ciki mai kaurin ƙasa da zane, ya ɗan fi ƙafarka don safa mai kauri. Hula mai rufe kunne, safar hannu, da man kaɗanya saboda kaushi.

Guzuri kuwa: kuka, daddawa, yaji da busasshiyar kuɓewa, kowanne a ƙulle sau biyu. Kilishi da dambun nama ka cinye su a gida, domin wasu ƙasashe, kamar Ingila da na Tarayyar Turai, sun hana shiga da nama a jaka. Yawancin jirage kilo 23 suke yarda wa jaka ɗaya, don haka babbar rigar a hannu ake riƙe ta. Da ita za ka fita daga filin jirgi.

Kafin ka kama hanyar Tsafe, ka zauna da malaminka kan shafa a kan huffi da lokutan salla. A Disamba rana a Mosko sai wajen ƙarfe 9 take fitowa, ta faɗi wajen ƙarfe 4, azahar, la'asar da magariba na bin juna kusa-kusa. Wanda ya yi wannan shiri, ya tafi da kwanciyar hankali. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kai lafiya.