YADDA BIRNIN NIYOK YA KE TSARON KUƊIN NEMAN ZAƁE

A ƙasar Amurka akwai wani babban birni a bakin teku, sunansa Niyok. Da aka ƙidaya mutanensa a shekarar 1920 sun haura miliyan 5, a ƙidayar 2020 kuwa aka sami fiye da miliyan 8 da dubu 800. An raba birnin gunduma 5. Mai riƙe da shi Magajin Gari ne, sa'an nan akwai Majalisar Gari mai wakilai 51, kowa da unguwannin da ya ke wakilta. Ba gado a ke yi ba, mutanen gari su ke jefa ƙuri'a su zaɓa. Magajin Gari ya kan yi shekara 4, in an sake zaɓensa ya ƙara 4, daga nan sai ya ba wani wuri.

Ka'idodin tsayawa ba su da wuyar ganewa. Wanda ya ke son jam'iyyarsa ta tsai da shi Magajin Gari, sai ya kawo takarda wadda masu jefa ƙuri'a 3,750 suka sa wa hannu. Mai neman kujerar Majalisa, 450 sun ishe shi. Sa'an nan a yi zaɓen fid da gwani a cikin jam'iyya. Tun daga 2021, a wannan zaɓe mutum yana da iko ya jera 'yan takara har 5, daga wanda ya fi so zuwa na biyar. In babu wanda ya sami fiye da rabin ƙuri'u, sai a fid da na ƙarshe, a ba da ƙuri'unsa ga wanda masu su suka rubuta na biyu, haka har wani ya haye. Wannan duk aikin Hukumar Zaɓe ne. Abin da za mu tsaya a kansa yau shi ne kuɗi, gama nan ne wahalar ta ke.

Ku duba, mutum ɗaya ba shi da ƙafar da zai bi gidajen mutum miliyan 8 ya gaishe su. Dole ya buga takardu, ya sayi fili a rediyo da talabijin da intanet, ya kama ofis, ya biya ma'aikata. Duk kuɗi ne. To, wa zai ba shi? Talaka ba shi da abin bayarwa sai kaɗan. Mai bayarwa da yawa shi ne attajirin da ya ke son a ba shi izinin gina dogon bene, ko ɗan kwangilar da ya ke son aikin hanya. Ranar da aka hau kujera kuwa sai su zo gaisuwa, Hausawa kuwa sun ce in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ƙarshenta talakan da ya jefa ƙuri'a shi zai biya, ko ta haraji, ko ta aikin banza da aka yi masa da tsada.

Niyok ta daɗe da sanin wannan cuta. A 1871 aka kama William Tweed, uban 'yan siyasar birnin, bayan shi da mutanensa sun wawashe baitulmali, ya mutu a kurkuku a 1878. Amma dokar da za mu yi nazari, abin da ya haife ta ya faru a 1986. A shekarar nan asiri ya tonu cewa waɗansu manya suna karɓar toshiyar baki daga kamfanonin da aka ba aikin karɓo tarar masu ajiye mota inda aka hana. Donald Manes, shugaban gundumar Kwins, ya kashe kansa a watan Maris kafin a kai shi gaban alƙali. Stanley Friedman, shugaban jam'iyyar Dimokurat a gundumar Buronks, aka same shi da laifi aka ɗaure shi. Mutanen gari suka fusata. A 1988, zamanin Magajin Gari Edward Koch, Majalisa ta yi dokar kuɗin neman zaɓe, aka kafa Hukuma ta musamman don ta tsare ta.

Watakila ku ce, me ya hana a yi doka kawai, a ce kada kowa ya kashe fiye da kaza? Abin da ya hana shi ne, tun a 1976 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa kashe kuɗi wajen neman zaɓe wani reshe ne na 'yancin faɗar albarkacin baki. Ana iya yanke abin da mutum zai ba ɗan takara, amma ba a iya tilasta wa ɗan takara iyakar abin da zai kashe. Da masu yin doka suka ga an rufe musu wannan ƙofa, sai suka biyo ta ciniki. Suka ce wa 'yan takara, duk wanda ya yarda da son ransa ya bi ka'idodinmu, za mu ƙara masa kuɗi daga baitulmalin gari. In ya karɓa kuwa, to, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ba zai ƙetare iyakar da aka yanka masa ba, zai buɗe littattafansa a duba, in kuma sarautar dukan birni ya ke nema, dole ya fito muhawara da abokan takararsa a gaban jama'a.

Ga yadda ƙarin ya ke. Da farko dala 1 a ke ba da wa a kan kowace dala 1. A 1998 aka mai da ita 4, a 2007 ta zama 6, a 2018 mutanen gari suka jefa ƙuri'a ta koma 8. Amma ba a kan dukan kyautar a ke ƙarawa ba, sai a kan dala 175 na farko in kujerar Majalisa ce, ko 250 in ta Magajin Gari ce, kuma sai mai kyautar mazaunin birnin ne. Bari mu yi lissafi da ka'idodin zaɓen 2025. Wata mai wanki ta ba ɗan takarar Majalisa dala 10, baitulmali ya ƙara 80, sun zama 90. Wani attajiri ya ba da 1,050, watau iyakar abin da doka ta yarda mutum ɗaya ya ba mai neman Majalisa. Ƙarin da za a yi a kan 175 ne kaɗai, watau 1,400, jimla 2,450. Yanzu ku raba dala 1,050 ɗin nan ga maƙwabta 6, kowa ya ba da 175. Ƙarinsu 8,400, jimla 9,450. Kuɗin da ya fito daga aljihu ɗaya ne, amma maƙwabta 6 sun kusa riɓanya attajiri sau 4. Kun ga ɗan takara mai wayo zai rage zaman zauren attajirai, ya shiga lungu yana sallama.

Akwai kuma wata ka'ida da aka ƙara a 2007, wadda ni a ganina ita ta fi dacewa da ciwon. Duk wanda ya ke da ciniki da gari, ko kwangila ya ke riƙe da ita ko nema ya ke yi, sunansa yana cikin wani littafi. Irin wannan mutum ba zai ba mai neman Majalisa fiye da dala 250 ba, mai neman Magajin Gari kuwa 400, kuma ba a ƙara ko anini a kan nasa. Watau dala 30 na mai sayar da abinci a bakin titi, da suka zama 270, sun fi na ɗan kwangila nauyi. Kamfani kuwa an hana shi ba da kyauta sam.

Ba kowane mai sha'awa a ke buɗe wa baitulmali ba. Mai neman Majalisa sai ya fara tara dala 5,000 na irin kyautar da a ke ƙara wa, kuma a sami mutum 75 mazauna yankinsa a cikin masu bayarwa, kowa ya ba da 10 ko fiye. Mai neman Magajin Gari sai ya tara 250,000 daga mutum 1,000. Iyakar abin da zai kashe a zaɓen fid da gwani na 2025 kaɗan ya rage ta cika miliyan 8. Zohran Mamdani, wanda ya ci zaɓen shekarar, tun a watan Maris ya cika mudunsa, har ya roƙi magoya bayansa su daina aiko da kuɗi.

To, duk wannan rubutu ne a takarda in babu mai dubawa. Hukumar mutum 5 ce. Magajin Gari ya naɗa 2, kada su zama 'yan jam'iyya ɗaya. Shugaban Majalisa ya naɗa 2, su ma haka. Na biyar, shugabansu, Magajin Gari ya ke naɗa shi bayan ya shawarci Shugaban Majalisa. Ƙarƙashinsu akwai malaman lissafi. Kowane ɗan takara yana da ma'aji wanda zai riƙa kawo sunan kowane mai kyauta, da abin da ya bayar, da rasit na abin da aka kashe, a baza su a intanet kowa ya gani. Tsabar kuɗi hannu da hannu ba a karɓar fiye da dala 100 daga mutum ɗaya. Bayan zaɓe a sake bin littattafan, abin da ya ragu na baitulmali a mayar, wanda ya ƙetare iyaka a ci shi tara.

An gwada ƙarfin Hukumar tun tana ƙarama. Shugabanta na farko Joseph O'Hare ne, wani limamin Kirista, shugaban Jami'ar Fordham. A 1993, ana tsakiyar neman zaɓe, Hukumar ta ci ofishin neman zaɓen Magajin Gari David Dinkins tarar dala 320,000 sabo da ƙetare iyaka. Dinkins ya faɗi zaɓe, kuma saura kwana kaɗan ya sauka sai ya naɗa wani a madadin O'Hare. Jaridu suka yi ca, sabon da aka naɗa ya janye, sabon Magajin Gari Rudolph Giuliani ya mai da O'Hare kujerarsa. A 1997 Hukumar ta ci ofishin Giuliani kansa tara. O'Hare ya zauna har 2003.

Kada ku zaci an toshe kowace kafa. Tun da dala 1 tana haifar 8, maƙaryaci ya sami abin yi: sai ya raba kuɗinsa ga barorinsa da danginsa, su bayar da sunansu kamar nasu ne. Wannan aron suna laifi ne na ɗauri. A 2013 aka sami mutum 2 na John Liu da laifi a kan irin wannan, ko da ya ke shi kansa ba a tuhume shi ba, Hukumar ta hana shi wajen dala miliyan 3 da rabi, takararsa ta Magajin Gari ta karye. A Satumba 2024 Gwamnatin Tarayya ta kai Magajin Gari Eric Adams ƙara, cikin tuhumar har da karɓar kuɗin baƙi ta hanyar aron suna. Ya musa. A Disamba Hukumar ta hana shi kuɗin baitulmali yana bisa kujera. A Afrilu 2025 alƙali ya kori ƙarar bisa roƙon gwamnati, ba a yi shari'a ba, amma Hukumar ba ta sake ba shi ba, a Satumba ya janye daga takara.

Kafa ta biyu ta fi wannan faɗi, doka kuwa ba ta da yadda za ta yi da ita. Wanda ya ƙi kuɗin baitulmali, ba mai yanka masa iyaka. Michael Bloomberg ya kashe fiye da dala miliyan 100 daga aljihunsa a 2009, abokin takararsa William Thompson bai wuce wajen kashi 1 cikin 10 na wannan ba, duk da haka ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u ba. Sa'an nan a 2010 Kotun Ƙoli ta yarda kamfanoni da ƙungiyoyi su kashe yadda suka ga dama, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Abin da birnin ya iya yi shi ne ya tilasta musu su bayyana masu ba su kuɗi. A zaɓen fid da gwani na 2025 wata ƙungiya mai goyon bayan Andrew Cuomo ta tara fiye da dala miliyan 20, Bloomberg kaɗai ya zuba mata fiye da 8. Da Hukumar ta yi zargin akwai haɗin baki a wani talla, sai ta riƙe wa Cuomo fiye da dala 600,000 daga rabonsa. Tabbatar da haɗin baki kuwa aiki ne mai wuya, gama ba a rubuta shi a rasit.

Ga lissafi ku gwada a allo. Mutum biyu suna neman kujerar Majalisa guda. Na farko ya sami attajirai 40 na yankinsa, kowa ya ba shi dala 1,050. Na biyu ya sami maƙwabta 300, kowa ya ba shi dala 40. Nawa kowannensu zai samu daga baitulmali, kuma nawa ne jimlar abin da ke hannunsa? Kafin ku ba da amsar na farko, ku koma ku sake karanta sharaɗin mutum 75.