Matakan Rainon Ɗan Kwikwiyo a Watanninsa na Farko

Mafarauci ne kai ko mai neman karen gadi, ka sani cewa ɗan kwikwiyo ta ciki yake lalacewa, kuma cikin kwana biyu zawo ke kayar da shi.

Mataki na farko, kada ka raba shi da uwarsa kafin mako 8. Dakashin da ya sha a ranar haihuwa shi ne garkuwarsa ta farko. In an miƙo maka ɗan mako 4 a kwali, ka roƙa a mayar da shi.

Na biyu, abinci. Tambayi abin da yake ci a inda ya fito, ka ci gaba da shi, sannan ka sauya kaɗan-kaɗan cikin kwana 7. A ba shi sau 4 a rana har wata 3, daga nan sau 3 har wata 6. In akwai abincin kwikwiyo na buhu, a jiƙa da ruwan ɗumi. In babu, a haɗa dafaffiyar shinkafa da ƙwai, ko nama, ko kifin da aka zare wa ƙaya. Tuwo zalla ba ya gina jiki. Abin da ya fi damuna shi ne kankarar tukunya da ake juye masa: albasa da tafarnuwar miya suna lalata masa jini. Madarar shanu tana sa shi zawo, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, goro da cakulan kuwa guba ne gare shi.

Na uku, duba kashinsa kowace safiya, kada ƙyama ta hana ka. Mai kyau yana da ɗan tauri, shebur zai ɗauke shi tas. In ya koma ruwa-ruwa da jini da wari mai tayar da zuciya, ga amai, ga ƙin cin abinci, to ana zargin cutar fabo ce. Kama fatar wuyansa ka ɗaga: in ta tsaya ba ta kwanta nan take ba, ruwan jikinsa ya ragu. Ranar za a kai shi asibitin dabbobi. Kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin mutane.

Na huɗu, tsutsar ciki. Kumburarren tumbi da gashi a hargitse alamarta ce. Ana fara magani daga mako 2, a maimaita duk mako biyu har mako 12, gwargwadon nauyinsa. A riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska.

Na biyar, allura. Ta farko tsakanin mako 6 da 8, a riƙa ƙarawa duk mako 3 ko 4 har mako 16. Ta haukan kare kuwa a wata 3; cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta. Adana katin allurar. Kafin alluran su kammala kada ya leƙa waje, domin ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa da ranta.