Darasi a kan Lafiya: Abin da Ke Hana Mu Maganin Ciwon Hanta Nau'in C

'Yan'uwa, ciwon hanta nau'in C yana warkewa. Mun fara da wannan magana domin da yawa a cikinmu ba su taɓa jin ta ba. A shekarar 1989 aka gano ƙwayar cutar, kuma tun daga 2013 aka sami magungunan haɗiya, irin su sofosbuvir, da ake sha kullum har mako 12. Cikin mutum 100 da suka sha daidai, fiye da 95 sukan rabu da ita. Allurar rigakafi kuwa babu, ba kamar nau'in B ba.

To, me ya hana mutanenmu na Yelwa, Ngaski da Shanga samun wannan magani?

Cutar ba ta da hayaniya. Takan shiga ta jini: askar wanzami, ƙaho, allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ko ƙarin jinin da ba a auna ba. Daga nan sai ta yi kwanton ɓauna shekara ashirin ko fiye, mutum yana noma, yana su, ba ya jin komai. Ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, sai mu ce shawara ce ko sammu, mu ɗauko saiwoyi, alhali hanta ta riga ta gaji.

Amma inda muka fi yin asarar mutane shi ne tsakanin awo na fari da na biyu. Na fari yana nuna cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki, shi ke nan. Kusan mutum uku cikin goma jikinsu yakan kore ta da kansa. Awo na biyu ne ke tabbatar da ko tana nan, kuma sau da yawa sai an je manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Sakkwato. Masuncin da ke bakin Tafkin Kainji zai biya jirgin ruwa, ya biya mota, ya biya awo, sa'an nan ya sayi maganin da kuɗin aljihunsa, domin ba a raba shi kyauta kamar maganin ƙanjamau. Wani kuma kunya ce ke riƙe shi, yana tsoron a ware masa kwano, ko da yake cin abinci tare ba ya yaɗa ta.

Saboda haka, duk wanda aka gaya masa yana da ita, kada ya linke takardar ya sa a ƙarƙashin tabarma. Ya tambayi likita inda ake awo na biyu da nawa ne kuɗinsa, dangi da ƙungiyoyin mata da na matasa su haɗa masa kuɗin mota, wani kuma ya raka shi.