Ɗana, Kafin Ka Zauna Gaban Masu Intabiyu

Mahaifiyarka ta shaida mini an kira ka intabiyu a kamfanin da ka kai wa takardunka bayan ka gama bautar ƙasa. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sanya albarka. Tun da akwai sauran kwanaki, ga 'yar nasiha daga baffanka, ka riƙe abin da ya yi maka amfani.

Na san irin tarbiyyar da aka yi maka. An koya maka cewa yabon kai jahilci ne, yaro ba ya cika baki gaban manya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kada ka yar da ita. Amma na ga yara masu hazaƙa da yawa da ta ɗaure musu baki a ɗakin intabiyu. A tambaye su me suka iya, su sunkuyar da kai su ce, "To, muna dai ƙoƙari." Wanda ke gabanka bai san ka ba, bai san gidanku ba, kuma mintunan da zai ba ka ba su da yawa. In ba ka faɗa masa abin da ka yi ba, babu mai faɗa masa. Ka tuna Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci dalilinsa: tsare dukiya da sanin aiki. A Suratul Ƙasasi ma, lokacin da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, ƙarfi da amana ta ambata, bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi. Har yau masu ɗaukar aiki abin nan biyu suke nema: ka iya, kuma za a iya amince maka. Faɗin gaskiyar abin da ka aikata ga wanda ya tambaye ka ba alfahari ba ne.

Sai dai faɗi kawai ba ya isa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya tsayawa ga rantsuwar mai kaya, sai ya zura hannu a buhu ya ɗebo ya duba. Haka kwamitin intabiyu yake. Kowa zai ce musu yana da ƙwazo, yana da haƙuri, ya iya zama da jama'a, sun ji wannan har sun gaji. Abin da zai raba ka da sauran shi ne labarin abin da ya faru da gaske. Don haka ka ɗauki biro da takarda, ka rubuta abubuwa biyar ko shida daga rayuwarka: daga jami'a, daga makarantar da ka koyar lokacin bautar ƙasa, daga shagon mahaifinka. Kowanne ka tsara shi gaɓa huɗu: halin da ake ciki, nauyin da ya hau kanka, matakin da kai da kanka ka ɗauka, da abin da ya biyo baya.

Ga misali daga abin da na gani da idona. Lokacin da kake taya mahaifinka zama a shago a kasuwar Singa, bashin 'yan sari a ka ake riƙe shi, wani kuma a bayan kwalin sabulu. Kai ka sayo littafi, ka ware wa kowane mai bashi shafinsa, da ranar da ya ɗauki kaya da ranar da ya yi alkawarin biya, kowace Alhamis kuma ka bi su da waya cikin ladabi. Kafin azumi ya zagayo, musun da ake yi a bakin shago ya ragu, kuɗin da aka fid da rai da su suka fara dawowa. Na san kana ganin wannan ba abin faɗa ba ne gaban masu kwat. Wallahi shi ne abin faɗa. Mai neman akawu ko mai kula da sito, in ya ji wannan, ya ji lissafi da tsari da iya magana da mutane a labari guda. In aka ce ka ba da misalin matsalar da ka taɓa warwarewa, amsarka ke nan.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ka gabatar da kanka. Kada ka faro daga unguwar da aka haife ka da sunan firamarenku, duk wannan yana cikin takardun da ke gabansu. Minti biyu sun ishe ka: abin da ka karanta, inda ka taɓa aiki da abin da ka koya a can, sannan abin da ya haɗa wannan da gurbin da suke son cikewa. Daga nan za su ce me ya sa su ka zaɓa. Kada ka ce don zaman banza ya ishe ka, ko da hakan ne a ranka. Ka karanta sanarwar aikin layi-layi, ka duba shafinsu na intanet, ka san me suke sarrafawa, su wa ke saye, a waɗanne garuruwa suke da rassa. In ka san wani ma'aikacinsu, ka kai masa ziyara ka tambaye shi yadda yini yake a wurin.

Tambayar rauni ita ce ke kayar da mutane. Wasu su ce ba su da wani rauni, wasu su haddace amsar da ke yawo a waya, wai rauninsu shi ne son aiki ya yi musu yawa. Duka biyun mai tambaya ya san ba gaskiya ba ne. Ka zaɓi rauni na haƙiƙa wanda bai taɓa ƙashin bayan aikin ba, ka faɗi abin da kake yi a kansa. Kai, alal misali, magana gaban taro tana yi maka nauyi, amma shekarar da ka yi kana tsayawa gaban aji ta rage maka shi, kuma kana ci gaba da gwadawa. Wannan amsa ce ta mutumin da ya san kansa. In sun tambayi abin da ka yi tun bayan bautar ƙasa, ka faɗi gaskiya: kana shago, kana koyon lissafi a kwamfuta. Kada kuma ka ɓata sunan wani shugaba da ka taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ko da ya ƙuntata maka, domin za su ɗauka haka za ka yi da su gobe.

Maganar albashi kada ta ba ka kunya, haƙƙinka ne. Ka shiga da sani. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne a wata, bisa dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Dokar fansho ta 2014 kuma ta tanadi a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, ga haraji a gefe. Saboda haka in aka ambata maka adadi, ka tambaya: wannan kafin a yi cire-cire ne ko abin da zai shigo asusu? Ka lissafa kuɗin motarka na wata, ka bincika abin da ake biyan irin wannan gurbi, ka ba su adadi daga kaza zuwa kaza. "Duk abin da kuka bayar" amsa ce da kan jawo wa mutum da-na-sani.

Galibi da Turanci za a yi ganawar. Ka fara tsara ma'anar amsarka a zuciyarka har ta zauna, sannan ka faɗe ta da Turanci mai sauƙi, da murya a fili. Ka sa yayarka ta zauna a kujera ta yi maka tambayoyin, ko ka naɗi muryarka a waya ka saurara. Kada ka haddace kalma-kalma, don mai hadda in aka juya masa tambaya sai ya kakare. Ka kuma lura da idonka. A gida sunkuyar da kai ladabi ne, a can ana iya ɗaukarsa rashin tabbaci. Ka dubi mai magana da kai cikin natsuwa, ba tare da ƙura masa ido ba. In ba ka ji tambaya ba, ka roƙa a maimaita. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tambaya ɗaya ta biyo baya ta isa ta tona shi.

A ƙarshe za su ce ko kana da tambaya. Ka tanadi ɗaya ko biyu: me ake so sabon ma'aikaci ya cim ma a watanninsa na farko, kuma wa zai riƙa duba aikinsa. Tun daren ranar ka haɗa satifiket ɗinka na jami'a da na bautar ƙasa da katin shaidarka, na asali da kwafi, a fayil guda, ka isa wurin da wuri. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi don a tabbatar maka da gurbi, ka rabu da shi, ɗan damfara ne.

In ka yi wannan duka, ka yi naka, sauran na Allah ne. Idan an ɗauke ka, ka cika duk abin da ka faɗa a ɗakin nan. Idan ba a ɗauke ka ba, a ranar ka rubuta tambayoyin da suka ba ka wuya, ka gyara amsoshinsu don gaba, kada ka bari zuciyarka ta karye. Arzikin da aka rubuta maka ba zai wuce ka ba. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya warware maka harshe, ya zaɓa maka mafi alheri. Ka gaishe da mutanen gida.