Yadda Ake Bin Diddigin Asali Ta Hanyar Tsofaffin Takardun Gado Da Wasiyya

Duk wanda ya zauna gaban dattawan Funtua, ko Malumfashi, ko Bakori, ya nemi su jero masa salsalar gidansu, zai tarar suna ambaton wane ɗan wane har kaka na huɗu ko na biyar ba tare da gargada ba, amma da zarar ya tambayi sunan matar kakan, ko 'ya'yansa mata da aka aurar zuwa Ƙafur ko Ɗanja, sai magana ta tsaya. Takardar rabon gado ita ce ke cike wannan giɓi, domin alƙali, ko malamin da ya san ilmin fara'ili, ba shi da ikon tsallake mace ɗaya daga cikin magada, tunda Allah da kansa ya yanka mata rabonta a cikin Suratun Nisa'i. Saboda haka nake ganin babu wata hujja da ta fi ta amfani ga mai neman asalinsa a wannan yanki namu.

Abin da za ka fara yi shi ne bincike a cikin gida, tun kafin ka doshi kotu, gama yawancin gadon mutanen karkara a zaure aka raba shi, gaban liman da mai unguwa da shaidu, kuma in an rubuta wani abu, to yana cikin gafakar wani tsoho, ko tsakanin warƙoƙin Alƙur'aninsa, ko a ƙasan adakar wata gwaggo. Ka je da ladabi, ka durƙusa ka gai da su, ka ce, "Baba, so nake yara masu tasowa su san dangi, don zumunci ya ɗore," ka kuma bayyana tun da fari cewa ba gona ka zo nema ba, domin mutane na ɗari-ɗari da duk mai tonon takardun gado, kuma suna da dalili. In an nuna maka takarda, kada ka nemi tafiya da ita. Ka ɗauki hotonta gaba da baya da wayarka, ka mayar wa mai ita. A wannan zama kuma ka nemi sanin zamanin da marigayin ya rasu, ko da ba a tuna shekara ba: shin zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ko na ɗansa Usman Nagogo, wanda ya kai 1981? Kafin jirgin ƙasa ya iso Funtua ne, a ƙarshen shekarun 1920, ko bayansa?

Sa'an nan ka tantance gundumar da ya zauna, domin a zamanin En'e kotun alƙali tana bin mazaunin hakimi ne: mutumin ƙasar Galadima a nemi shari'arsa a Malumfashi, na ƙasar Sarkin Maska a Funtua, na ƙasar Makama a Bakori. Waɗannan kotuna sun koma kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, daga baya kuma aka kafa kotunan Shari'a a 2000, don haka sai ka rubuta takardar roƙo zuwa ga rajistaran kotun da ta gaji tsohuwar, ka faɗi sunan mamacin, da garinsa, da dangantakarka da shi. Ba kowane kundi ne ya tsira daga gara da yoyon damina ba. In ba a dace a nan ba, akwai Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta Jihar Katsina, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda aka tara fayilolin Lardin Katsina, da kuma Arewa House. Ka tuna cewa sai a 1934 Katsina ta zama lardi mai zaman kansa, kafin nan an haɗa ta da Zariya, kafin Zariya kuma da Kano, saboda haka tsohuwar takarda tana iya ɓuya a ƙarƙashin sunan wani lardin.

Idan takarda ta zo hannu, kada ka dogara da karatunka kai kaɗai. Tsofaffin kundaye da Larabci aka rubuta su, ko da ajami, cikin irin rubutun warash na allo, muhuti kuwa yakan taƙaita kalmomi yadda sai wanda ya saba zai gane. Ka nemi malamin da ya karanci babin gado a Risala ko Muhtasar, ku zauna ya karanta kana rubutawa. Shekarar Hijira kuma ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta Miladiyya kusan daidai. 1350 za ta ba ka 1931.

A nan ne aikin yake da daɗi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Rabon gado lissafi ne da ba ya karɓar son rai, don haka adadin da aka bai wa kowa yana faɗa maka wanda ke raye ranar rasuwar, ko da ba a ambace shi ba. Mu ƙaddara, alal misali, bayan an fitar da kuɗin likkafani, an biya bashi, an zartar da wasiyya, abin da ya saura fam arba'in ne, sai ka ga an bai wa wata mata fam biyu da sule goma. Sumunin arba'in fam biyar ne, ke nan matan aure biyu ne suka raba shi, kuma marigayin ya bar zuriya, don da bai bari ba da rubu'i za su samu. In ɗa namiji ya karɓi fam goma, 'ya mace fam biyar, to ragowar fam talatin da biyar an kasa ta bakwai ne, ko da gara ta cinye sauran sunayen. Kuma tunda ba a cire sudusi ba, uwar mamacin da ubansa duk sun riga shi. Idan kuwa ka ga rabo ya tsallaka zuwa ɗan'uwa ko ɗan baffa a matsayin asaba, ka tabbata babu ɗa namiji a raye. Sunayen kansu shaida ne: Tanko ya biyo mata, Delu ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye.

Sai dai wajibi ne ka riƙe cewa takardar gado magada kaɗai take lissafawa, ba dukan iyali ba, kuma wannan ne ramin da masu gaggawa ke faɗawa. Jikan da ubansa ya rasu kafin kakan ba zai fito ba muddin akwai baffansa a raye, haka ɗan riƙo da agola, haka matar da aka saka ta gama idda, haka ƙwarƙwarar da 'ya'yanta suka ci gado ita ba ta ci ba. A ƙasar Malumfashi da Ƙafur, inda gidaje da yawa suka musulunta daga Maguzanci a ƙarnin da ya wuce, saɓanin addini yana hana gado, sai ka ga ɗan'uwa na jini ya ɓace daga takarda alhali gonarsa tana maƙwabtaka da ta mamacin. Irin waɗannan mutane a cikin wasiyya ake samun su, domin wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji, saboda haka galibi wanda aka yi wa ita mutum ne da mamacin ya ji tsoron shari'ar gado za ta bar shi hannu wofi. Ka bi sunansa da tambaya.

Kada kuma ka raina jerin kayan da aka bari. Littattafai da tawada suna nuna gidan malanta, jakuna da mangaloli suna nuna fatauci, garma da shanun noma da bashin da ake bin wani dillalin auduga suna nuna manomin da ya ci moriyar injinan gurzar auduga na Funtua da Malumfashi. Rashin ganin gona a jerin ba ya nufin talauci, domin sau da yawa gandu ba a raba shi, akan bar shi hannun babban wa. Shaidu da masu bin bashi galibi maƙwabta ne ko surukai, jikokinsu kuwa suna nan, kuma suna iya riƙe da labarin da gidanku ya manta.

Daga ƙarshe ka zana salsalar a babban littafi, ka sa kowane suna tare da inda ka samo shi, ka bambanta abin da takarda ta faɗa da abin da dattijo ya faɗa da abin da kai ka gano daga lissafi. In ka ci karo da sirrin da zai kunyata rayayye, kamar asalin bauta ko gardamar nasaba, ka shawarci manyan gida kafin ka nuna wa kowa. Sa'an nan ka yi kwafi uku, ka raba su a gidaje daban-daban, ɗaya lalle a hannun ɗaya daga cikin matan dangi.