Amsoshin Tambayoyinku: Wa'azi Kaɗai Ya Isa Ya Riƙe Matasa?

Wata mai sauraronmu daga Wusasa, Zariya, ta ce: shin wa'azi kaɗai ya isa ya riƙe matasa cikin bangaskiya?

'Yar'uwa, bai isa ba. Yaro ya fi kwaikwayon abin da ya ga manya suna yi a gida da kasuwa. Shi ya sa Bulus, a 2 Timoti 1:5, ya danganta bangaskiyar Timoti da ta kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Wani zai ce ai babu cikakken mutum, to wa zai zama abin koyi? Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, ya tuba, aka damƙa masa kiwon garke. Don haka babba ya bar yara su ga gaskiyarsa wajen ciniki, su kuma ga tubarsa in ya yi kuskure.