Yadda ake raba wuta a mota-gida mai inbata

Mota-gida, irin wadda ake yawon hutu da ita a Amurka da Turai, wuta iri biyu take ɗauke da su. Akwai ta batir mai bolt 12, wadda ke kunna fitilu da famfon ruwa. Akwai kuma ta soket, bolt 120 a Amurka, 230 a Turai. Inbata ce ke mayar da ta farko ta zama ta biyu idan an yi nisa da layin wuta.

Fara da hanyar shigowa. Wutar soket tana zuwa ne daga turken jona wuta na sansanin da aka yada zango, ko daga janareta. Dukansu su bi ta cenji-oba mai aiki da kanta, don kada su taɓa haɗuwa. Turken amf 30 na Amurka wat 3,600 yake bayarwa, na amf 50 kuwa har 12,000.

Daga nan sai babban akwatin bireka. A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kada ka ɗora wa inbata motar gaba ɗaya. Bar na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa da cajar batir a babban akwatin, su jira wutar waje. Ka ja layi guda daga bireka zuwa inbata, daga inbata zuwa wani ƙaramin akwati daban, shi kuma ya ciyar da soket-soket da talabijin. Idan akwai wutar waje, inbata mai cenji-oba a cikinta za ta bar ta ta wuce kawai. Da an ɗauke, sai ta koma kan batir.

Maganar caja ba ta wasa ba ce. In ta faɗo a layin inbata, batir zai riƙa cajin kansa da kansa, ana asara a kowane zagaye, har ya mutu ba a kunna komai ba.

Sai ɓangaren batir. Kayan wat 1,000 suna jan sama da amf 80 daga batir mai bolt 12, don haka wayar ta zama mai kauri, kuma gajera. Ajiye inbata kusa da batir, amma ba a rufaffen akwati ɗaya da batir mai ruwa ba, saboda iskar da yake fitarwa tana kama wuta. Sa fis a jar waya, dab da kan batir. In akwai sola kuma, wutarta ta bi ta na'urarta ta daidaita caji kafin ta iso batir.

Kafin ka taɓa kowace waya, cire jonin waje, kashe janareta da inbata, sannan ka kwance baƙar wayar batir. In ka gama, mayar da baƙar wayar batir, kunna inbata ita kaɗai ka bi soket ɗaya bayan ɗaya da testa. Duk layin da ka bari a babban akwati bai kamata ya kawo wuta ba.